Landan zuwa Sidni: ta Singafo, ta Dubai, ta Perth ko ta Amurka?

Duk wanda ya nemi sanin nisan da ke tsakanin Landan da Sidni a intanet zai ga lamba ɗaya tana ta maimaita kanta: kusan kilomita 17,000. Kewayen duniya gaba ɗaya kilomita 40,075 ne a tsakiyarta, wato wurare biyu mafi nisa da juna a doron ƙasa ba su wuce kilomita 20,000 da 'yan kai ba. Mai tashi daga babban birnin Birtaniya zuwa birni mafi girma a gabashin Ostireliya saura ƙiris ya ƙure iyakar nisan da duniya za ta iya ba shi. Shi ya sa zaɓen hanya a wannan tafiya ya cancanci a zauna a yi masa tunani, domin kuskuren da za a jure a tafiyar awa uku yakan zama azaba idan tafiyar ta kai yini da dare.

Da farko ya kamata a san abin da lambar 17,000 ke nufi. Ɗauki ƙwallo, ka ɗiga alama biyu a jikinta, ka miƙe zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta shi ne gajeren layi tsakanin wuraren biyu, kuma shi na'urorin lissafin nisa suke aunawa. A kan shimfiɗaɗɗiyar taswira, musamman irin wadda Gerardus Mercator ya fito da ita a 1569, wannan layi yakan fito a lanƙwashe, har mutum ya ɗauka jirgin yana zagaye ne. Daga Landan zaren ba ya nufar kudu maso gabas kamar yadda ido ke zato. Arewa maso gabas yake fara yi, ya ratsa Rasha da Kazakistan, ya gangaro ta Sin, ya wuce ta wajen Filifin da gabashin Indunisiya, sannan ya shiga Ostireliya ta arewa. A kula kuma da ma'auni, don wasu shafukan da mil suke ba da amsa, kuma mil iri biyu ne: na ƙasa kilomita 1.609 ne, na teku da matuƙa jirgi ke aiki da shi kilomita 1.852. Nisan nan ɗaya zai iya bayyana a matsayin 17,000 ko 10,500 ko 9,200, kuma duk daidai ne.

Jirgi ba ya bin zaren nan sak. Tun watan Fabrairun 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren, aka rufe wa jiragen Birtaniya da na Tarayyar Turai sararin samaniyar Rasha, dole suka koma bi ta kudu, ta Turkiyya da yankin Kaukasas da tsakiyar Asiya. Ga kuma iska. A can sama inda jirage ke tafiya, tsayin kilomita 10 zuwa 12, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda sau da yawa gudunta kan haura kilomita 200 a awa. Mai tafiya gabas tana tura shi, mai dawowa yamma tana tokare masa ƙirji. Saboda haka zuwa da dawowa ba sa cin lokaci ɗaya, ko da jirgi ɗaya ne kuma hanya ɗaya. Dawowa Landan takan ɗara zuwa Sidni da awa ɗaya ko fiye.

Tambayar inda za a ya da zango tsohuwa ce a wannan hanya. A 1935 tafiya ta jirgin sama tsakanin Ingila da Ostireliya kwana 12 take ci. A watan Disambar 1947 kamfanin jiragen saman Ostireliya, Qantas, ya fara jigila daga Sidni har Landan da jirgin Lockheed Constellation, yana sauka a Darwin da Singafo da Kalkata da Karaci da Alƙahira da Tarabulus, cikin kwana huɗu. Wannan tsalle-tsalle daga gari zuwa gari ya dace da sunan da aka laƙaba wa hanyar, wato hanyar kangaru, dabbar nan ta Ostireliya mai tafiya da tsalle. A hankali zangon ya yi ta raguwa har ya dawo ɗaya. To a ina ya fi a yi shi?

Na fara da Singafo, domin ita ce a ganina ta fi dacewa da yawancin matafiya. Daga filin jirgin Heathrow na Landan zuwa filin jirgin Changi na Singafo kusan kilomita 10,880 ne, awa 13 zuwa 14. Daga Changi zuwa Sidni kusan kilomita 6,290, awa takwas ko ƙasa kaɗan. Jimilla kusan 17,170, wato ƙari a kan zaren bai kai kilomita 200 ba. Qantas da British Airways duk suna da jirgin da ke tashi daga Landan ya sauka Singafo ya sha mai ya wuce Sidni da lamba ɗaya, ga kuma Singapore Airlines da ke sauya wa fasinja jirgi a can. Idan zangon bai wuce awa biyu ba, tafiyar gaba ɗaya takan tsaya a awa 22 zuwa 23.

Abin da ya sa nake fifita ta shi ne yadda take raba wahala. Dogon zangon yana zuwa ne a farko, lokacin da jiki bai gaji ba, ƙafafu ba su kumbura ba, kuma mutum bai ƙosa da kujera ba. Yawancin jiragen da daddare suke barin Landan, sai a ci abinci a kwanta, barcin kuma ya faɗo a kan lokacin da jiki ya saba yin sa. Idan aka sauka Singafo an riga an cinye kusan kashi biyu cikin uku na hanya, abin da ya rage awa takwas ne, wanda ko mai ƙaramin yaro a cinya zai iya cije haƙori ya jure. A kwatanta da wanda ya sauka bayan awa bakwai, ya miƙe ƙafa, sannan aka ce masa saura 14.

Akwai wani dalilin da ba kasafai ake lura da shi ba, kuma shi ya fi nauyi a wurina, wato agogon jiki. Sidni tana gaban Landan da awa tara a lokacin zafin Turai, da awa 11 a lokacin sanyinta, da awa 10 na 'yan makonni a tsakani, saboda kowace ƙasa da ranar da take sauya agogonta. Duk ta inda ka bi, wannan tazara tana nan tana jiran ka a ƙarshen tafiya, kuma jikin ɗan Adam yakan gyara agogonsa ne da kusan awa ɗaya a kowace rana. Singafo tana gaban Landan da awa bakwai ko takwas. Wanda ya kwana biyu a can ya riga ya fara sabawa da yanayin da bai bambanta da na Sidni ba sai da awa biyu ko uku. Wanda ya yi irin wannan hutu a Dubai, wadda ke gaban Landan da awa uku ko huɗu kacal, ya huta gajiyar zama, amma rikicewar barci tana gabansa kusan cikakkiya. Duk mai aiki mai muhimmanci a Sidni washegarin isarsa, ko dattijo da rashin barci ke kayar da shi, ya kamata ya ɗora wannan lissafi a kan na kilomita. Tafiya sannu sannu kwana nesa, kuma a nan kwana biyun da aka bari a hanya sukan dawo wa mutum a kwanakin da bai yi yana gyangyaɗi ba.

Shi kansa Changi an gina shi ne da mai ya da zango a zuciya: akwai ɗakunan kwana na haya a cikin ɓangaren matafiya ba tare da an wuce jami'an shige da fice ba, akwai wurin wanka, akwai lambuna. Aibin wannan hanya ɗaya ne mai girma. Jiragen da yawa da asuba ko da sassafe suke isa Sidni, domin filin jirgin birnin yana da dokar hana sauka da tashi daga ƙarfe 11 na dare zuwa 6 na safe, ban da 'yan keɓantattu, kuma kamfanoni suna tsara isowarsu daidai buɗewa. Mutum ya kwana biyu a zaune, ya sauka gari yana wayewa, ɗakin otal kuma sai bayan tsakar rana. Wanda ya kama ɗaki tun daren jiya ya yi wa kansa gata.

Sai hanyar Tekun Fasha. Landan zuwa Dubai kusan kilomita 5,500 ne, awa bakwai. Dubai zuwa Sidni kusan 12,040, awa 14 ko ƙasa kaɗan. Jimilla kusan 17,540. Ta Doha lissafin bai yi nisa da haka ba, kusan 5,240 a haɗa da 12,370, ya ba da 17,600 da ɗoriya. Emirates ta Dubai, Qatar Airways ta Doha, Etihad ta Abu Dabi. Bambancinsu da Singafo kilomita 400 ne ko makamancin haka, kuma jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa zai cinye wannan cikin ƙasa da rabin awa. Don haka duk wanda ya ƙi wannan hanya da hujjar tsawo bai riƙe hujja ba. Tsawon jira a filin jirgi shi ke sauya jimillar lokaci: tikiti biyu na kamfani ɗaya, ɗaya da jiran minti 90 ɗaya da jiran awa takwas, sun fi bambanta da juna fiye da yadda Dubai ta bambanta da Singafo.

Ƙarfin wannan hanya yana ga wanda ba a Landan yake zaune ba. Emirates na tashi daga Mancesta da Bamingam da Gilasgo da Niyukasil kai tsaye zuwa Dubai, wato mutumin arewacin Ingila ko Sikotilan zai isa Sidni da sauka ɗaya, maimakon ya fara gangarowa Heathrow ya mai da zangonsa biyu. Wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci ga irin waɗannan matafiya. Haka kuma yawan jiragen da ke tsakanin Landan da Dubai ko Doha a kowace rana yana nufin idan wani ya suɓuce maka ba za a daɗe ba a samu wani. Kamfanin Qantas ma ya taɓa mai da zangonsa Dubai a 2013 lokacin da ya ƙulla ƙawance da Emirates, sannan a watan Maris na 2018 ya koma Singafo.

Rauninta shi ne abin da na ambata: gajeren zango a gaba, dogo a baya. Awa bakwai ba su isa cikakken barci ba idan aka cire lokacin abinci da na shirin sauka, sai mutum ya shiga awa 14 da gajiyarsa. A dawowa kuwa abin juyawa yake yi, Dubai ce ke ba da dogon zango a farko, Singafo ta bar shi a ƙarshe. Mai neman sauƙi ta kowane ɓangare, idan tikitinsa ya ba shi dama, sai ya je ta Singafo ya dawo ta Dubai. Ya kuma kamata a faɗi gaskiya game da yankin: a duk lokacin da rikici ya tashi a Gabas ta Tsakiya aka rufe sararin wasu ƙasashe, jiragen da cibiyarsu ke can su ne na farko da jadawalinsu ke rikicewa.

Hanyar Perth, birnin da ke yammacin Ostireliya, daban ce da sauran. A watan Maris na 2018 Qantas ya fara jigila ba tsayawa tsakanin Perth da Landan da jirgin Boeing 787-9, kilomita 14,499, kusan awa 17. Shi ne karo na farko da jigilar fasinja ta yau da kullum ta haɗa Turai da Ostireliya ba tare da sauka a hanya ba. Ga wanda Perth zai je, magana ta ƙare, babu abin da ya kama ƙafar wannan. Ga mai zuwa Sidni kuwa sai an sake tunani, domin Ostireliya nahiya ce guda, kuma daga Perth zuwa Sidni akwai kusan kilomita 3,280, awa huɗu da wani abu. Jimilla kusan 17,780, mafi tsawo a hanyoyin gabas, ko da yake ratar da ke tsakaninta da Singafo tafiyar kusan minti 40 ce kawai. Abin da ake samu a nan shi ne babu sauka a wata ƙasa ta uku, don haka babu zancen bizar wucewa. A Perth ake duba fasfo da kaya, sannan a shiga jirgin cikin gida, a sauka Sidni a fice ba layin kwastan.

Amma awa 17 a kujera ɗaya ba wasa ba ne. Gaskiya ne jiragen 787 da A350 sun fi tsofaffin jirage daɗin zama, domin matsin iskar da ke cikinsu kamar na tsayin mita 1,800 ne maimakon 2,400, kuma iskar ba ta kai ta tsofaffin bushewa ba. Duk da haka jini ba ya son dogon zama. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa yana ninkawa kusan sau biyu bayan zaman tafiya na awa huɗu ko fiye, ko da yake ga mai cikakkiyar lafiya haɗarin ƙarami ne, kusan mutum ɗaya cikin 6,000. Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa samun wannan matsala, ban ga dalilin da zai sa su zaɓi zama mafi tsawo ba alhali ga hanyar da ta kasu kusan biyu, kuma su fara jin ta bakin likita kafin su sayi tikiti. Wani abin kuma, jirgin Perth zuwa Landan yana aiki ne a kusa da iyakar man da zai iya ɗauka. A 2024, lokacin da aka guje wa sararin samaniyar Iran, sai da aka mai da shi na ɗan lokaci yana tsayawa a Singafo ya ƙara mai.

Hanyar Amurka ba ta buƙatar dogon bayani. Landan zuwa Los Anjelis kusan kilomita 8,780, awa 11. Daga can zuwa Sidni kusan 12,050, awa 15 a kan Tekun Fasifik. Jimilla ta haura 20,800, ƙarin kusan awa huɗu a sama idan aka gwada da Singafo. Amurka kuma ba ta da tsarin wucewa ba tare da shiga ƙasa ba: ko awa uku za ka yi, sai ka bi layin shige da fice da biza ko ESTA, wato izinin tafiya da ake nema ta intanet, kuma galibi sai ka karɓi kayanka ka sake miƙa su. Za ka tsallaka layin sauya kwanan wata, ka bar Los Anjelis daren Litinin ka sauka Sidni safiyar Laraba. Wasu na cewa bi ta yamma ya fi sauƙi ga barci, amma bambancin agogon Landan da Sidni ba ya raguwa don an zagayo ta bayan gida. Wannan hanya ta mai uzuri a Amurka ce, ko mai tikitin zagaye duniya.

Idan kilomita kaɗai ake bi, Hon Kon ce zakara, domin kusan a kan zaren take: kusan 9,650 a haɗa da 7,390, jimilla 17,040. Sai dai rufe sararin Rasha ya fi shafar wannan layi, saboda ta can ainihin hanyarsa take, kuma jirgin da ke kauce mata ya yi asarar ribar da taswira ta ba shi. Kamfanonin ƙasar Sin da ke sauya jirgi a Guwanju ko Shanghai har yanzu suna ratsa Rasha, kuma tikitinsu kan zo da rangwame, amma sau da yawa da dogon jira a tsakiya. Araha ba ta ado, a duba awannin jiran da dokar wucewa ta ƙasar kafin a biya.

Ko wace hanya aka ɗauka, ina roƙon matafiyi ya sayi tafiyar a tikiti ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan jirgin farko ya makara na biyu ya tashi, kamfani ne zai nemo masa wani ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma kayansa suna bin sa. Wanda ya haɗa tikiti biyu na kamfanoni daban don ya rage kuɗi, duk abin da ya faru a tsakiya nasa ne shi kaɗai. Dokar Birtaniya ta kare fasinja tana ba da diyyar da ta kai fam 520 idan aka isa ƙarshen doguwar tafiya a makare da fiye da awa huɗu, matuƙar laifin na kamfani ne, kuma ta shafi kowane jirgi da ya tashi daga Birtaniya. A dawowa kuwa kamfanonin Birtaniya da na Tarayyar Turai kawai ta rufe. Wato mai dawowa daga Sidni da British Airways yana ƙarƙashinta, mai dawowa da Qantas ko Emirates ko Singapore Airlines ba ya ciki.

Saura zancen tafiya ba zango ko ɗaya. An gwada ta tun a watan Agustan 1989, lokacin da wani sabon Boeing 747-400 na Qantas, ɗauke da mutane ƙalilan, ya yi ta cikin awa 20 da minti 9. An sake gwadawa a watan Nuwamban 2019 da 787-9, awa 19 da minti 19. A 2022 kamfanin ya yi odar jiragen Airbus A350-1000 guda 12 masu ƙarin tankin mai, da kujeru 238 kacal, don wannan aiki da ya kira Project Sunrise. Ƙarancin kujerun yana da dalili: jirgin da zai yi awa 20 dole ya ɗauki mai mai yawa, wani kaso na man kuma yana ƙonewa ne wajen ɗaukar nauyin sauran man, sai a rage mutane a ƙara kuɗin kujera. Ribar da fasinja zai samu awa uku zuwa huɗu ce. Ga ɗan kasuwar da ke kwance a kujerar da ke zama gado, wannan ciniki ne mai kyau. Ga iyali mai yara uku a kujerun baya, ni dai zan ce su sauka a Singafo, yara su yi gudu a farfajiyar Changi, kowa ya yi wanka, sannan a shiga awa takwas ɗin da suka rage.